Tuwon da Na Shanya a Saman Benen Alhaji

Tun kafin a aiko mana da goron bikin, rumbu ne ya hana ni sakewa. Ni ke hawa tsani in ciro hatsi, don gwiwar Inna, uwar mijina, ta daina hawa. Bayan kaka hannu kawai nake miƙawa. Da sanyi ya wuce sai na shiga har kafaɗa. Da zafi ya kama kuwa, sai na zura rabin jikina kafin yatsuna su taɓa zangarniya. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma wannan lissafi ba ya neman alli: hatsin ba zai kai mu kaka ba. Maigidana yana Kano ci-rani, sai ruwa ya sauka zai dawo. Ga Ummi, ƴata, na yaye ta ba da daɗewa ba, kuma ranar da na kai ta awo likita, abin awon da ake zagaya wa yara a damtse ya tsaya a kan rawaya. Ma'aikaciyar ta ce in ƙara mata abinci. Na ce to.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Damagaram. Gwaggo Hajiya Hadiza, ƙanwar mahaifin maigidana, wadda ke auren wani Alhaji ɗan kasuwa a can, za ta aurar da ɗanta. Inna ta ce ni zan wakilci gida. Tana ɗaure mini kaya tana yi mini huɗuba.

"Ki ji da kyau. Gidan masu shi za ki. In an ba ki abinci ki ci kaɗan, ki rage a kwano. In Hadiza ta tambayi gida, ki ce lafiya lau, hatsi har ya yi mana yawa. Tun marigayi yayanta na da rai ba mu taɓa kai mata kukanmu ba. Ba a bakinki za a fara ba."

Laraba: Matameye zuwa Damagaram

Ana sallame sallar asuba na goya Ummi, na ɗauki ƙullin kayana, na nufi tasha. Gari bai waye ba, masu shayi ne kawai suka hura wuta. Na sami ƙaramar bas ana loda mata rake a sama. Aparanti, yaron motar, ya dube ni ya ce, "Mai goyo, shiga tsakiya, iskar taga ba ta yi wa yaro daɗi."

Kusa da ni wata dattijuwa ce daga Dungu, Iya Dije, za ta kai tumatir kasuwa. Rabin jikinta yana waje ta taga, tana sa ido a kan kwandunanta.

"Direba, in ka ɗora mini wannan buhun a kan kwando, miya za ka sauke a Damagaram."

"Iya, ai na rage miki kuɗin markaɗe."

"Uwarka ma haka kake rage mata?"

Mota ta ɗauki dariya, muka tashi.

Mun wuce Kance kaɗan jandarma suka tsayar da mu. Na kwance bakin zane na ciro katin ɗan ƙasa, aka duba, aka miƙo mini. Da muka ci gaba direba ya kunna rediyo, ana ba da labarin yunwa a wasu ƙasashe masu nisa, inda yaƙi da fari suka kori mutane daga gonakinsu. Wani tsoho a gaba ya ce Allah ya kyauta. Iya Dije ta ja tsaki.

"Shekaranjiya a lambunmu kabeji muka tura wa awaki, babu mai saye. Can suna kukan babu, mu muna kukan ya ruɓe a hannu."

Na gyara wa Ummi hula, ina tunanin inda yatsuna suka tsaya a rumbu.

A Takeita, inda hanyarmu ta haɗu da babban titin da ya taso daga Maradi, aka tsaya shan ruwa. Na saya wa Ummi ƙosai mai zafi, ta ci biyu ta riƙe na uku a hannu har ta yi barci. Bayan Tirmini sai duwatsun Damagaram suka fara bayyana, manya-manya kamar an jera su da gangan. Da hantsi muka shiga tasha. Da aka sauke kwandunan Iya Dije, na ƙasan yana ɗigar da jan ruwa. Ta duba, ta ce, "Abin da bai sayu ba zan yanka in shanya. Rana ba ta karɓar ko dala."

Adaidaita ta kai ni unguwar Zango. Gidan bene ne mai babbar ƙofa, an kafa rumfuna har bakin titi. Gwaggo ta tarbe ni da fara'a, ta karɓi Ummi ta ɗaga ta sama, sai ta ɗan tsaya.

"Ƙawar tawa ba ta da nauyi."

"Haƙori take fitarwa, Gwaggo."

"Gida fa? Hatsi ya yi auki bana?"

"Har ya yi mana yawa."

Aka kawo mini faranti, shinkafa ta yi tozo, miya ta rufe ta, nama a kai. Na ba Ummi, na ci kaɗan, na ture sauran kamar yadda aka umarce ni. Ban ƙoshi ba aka ɗauke shi.

Alhamis: bayan madafa

Matar ɗa daga ƙauye ba ta zama a falo ranar biki, wurinta yana inda aiki yake. Aka haɗa ni da masu wanke-wanke, ƙarƙashin Ya Fanna, wata Babarbariya mai kaifin baki da ake ɗauka girkin manyan bukukuwa. Ba ta tambayi sunana ba, Matameye take kirana.

Wanda bai zauna wurin wanke-wanke ba bai san biki ba. A gaba ana ganin abin da aka kai, a baya ne ake ganin abin da ya dawo. Farantai suna fita cike, suna dawowa an ɗan ƙwaƙule gefe, an tsince naman. Sauran a kankare shi cikin baro, tuwo da shinkafa da miya da ƙashi da bawon lemo duk a cakuɗe. Ina kallon matan da ke ƙarƙashin rumfa, masu leshi da zinariya, kowace ta yi loma uku ta ture faranti da bayan hannu, daidai yadda na yi jiya. Sai na gane ashe ba ni kaɗai aka yi wa huɗuba ba. Mai gida yana cika faranti don kada a ce ya yi rowa, baƙo yana ragewa don kada a ce yunwa ta koro shi. Kowa ya tsira da mutuncinsa, bola ta ƙoshi.

"Ke Matameye, hannunki ya tsaya. Me kike kallo a baro, mijinki ne a ciki?"

"Ya Fanna, ina ake kai wannan?"

"Gidan surukansa. Bola mana."

Na faranti ban yi masa kwaɗayi ba, hannu ya shiga, miya ta jiƙa shi, ko awa biyu ba zai yi a wannan zafi ba. Amma da magariba na ga an jingine manyan tukwane da kuloli, malmalar tuwon masara ko taɓa su ba a yi ba, farar shinkafa rabin tukunya, ga ƙanzo a gindin kowace mai kaurin tafin hannu.

"Waɗannan fa?"

"Gidan Alhaji ba a ba baƙo ɗumame. Gobe sabo za a ɗora. Masu aiki sun ɗiba, maƙwabta sun ɗiba, wannan ya fi ƙarfin kowa."

"In na ɗauka akwai laifi?"

"Ki ɗauka ki yi matashin kai da shi. Ni dai tukwanena nake so a wanke kafin hantsi."

A gidanmu ba a wanke tukunya da ƙanzo a ciki. A kankare shi, a shanya, a tara a tulu. Tuwon da ya kwana ya yi yawa a yanka shi falle-falle a ba rana. In damina ta yi tsakiya, hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, shi ake jiƙawa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli a tafi gona. Na tsaya ina auna tukwanen nan da ido, na ga makonni a ciki. Abin da ya rage shi ne inda zan shanya ba tare da idon Gwaggo ya gani ba.

Juma'a: ranar ɗaurin aure

Bayan asuba, kafin gida ya tashi, na bi matakalar bayan madafa na hau saman bene. Daɓen ba ya shanyuwa, duk kashin tattabaru ne. Amma a tsakiya ga fanon sola jere a kan ƙafafun ƙarfe, baƙaƙe, tsaf, sun fuskanci rana. Na san abin, akwai ƙaraminsa gidan mai cajin waya a unguwarmu. Sai dai ni a sanina zafin rana yake sha, kuma tabarma ba ta taɓa hana zafi ratsawa ba. Na ce ni da shi mu raba, rana ta ishi kowa.

Na shimfiɗa tabarmi da wankakkun buhuna a kansu duka, na danne da duwatsu. Na yi ta hawa da sauka da roba a kai. Na yanka tuwo sirara-sirara, na warware shinkafa da yatsu, na jera ƙanzo. A gefe guda na gwada ɗan dafa-duka, ko da yake zuciyata ta ce mai ba ya bushewa. Na lulluɓe komai da tsohon gidan sauro saboda tattabaru, na sauko na kama wanke-wanke, raina fari tas. Tun da na bar gida ban ji sauƙi irin na wannan safiya ba.

Wajen azahar aka fara cewa ƙanƙarar firigo tana narkewa, lemon baƙi ya yi ɗumi. Wutar gari dama tun safe babu, ba wanda ya yi mamaki. Aka ɗaura aure bayan Juma'a, maza suka cika rumfa. Da la'asar ta yi, Alhazai suka jeru da butoci a bakin famfo, aka murɗa, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Injin da ke tura ruwa tankin sama ya tsaya, shi ma da sola yake aiki. Duk wanda ya san Damagaram ya san ba garin da ake wasa da ruwa ba ne. Aka bazama neman ƴan garuwa, manyan mutane suna tsaye da hannun riga a naɗe.

Aka kira mai gyaran wuta. Ya duba ƙasa bai ga komai ba, ya hau sama. Ina durƙushe gaban baho na tuna da shanyata. Ya sauko a hankali, ya tsaya tsakar gida, ya ɗaga fallen tuwo sama.

"Alhaji, kayanka lafiyarsu lau. An dai rufe su da abinci."

Ba sai an tambaya ba, duk matan bayan madafa ni suka juyo suna kallo. Wata ta ce Matameye ta zo da rumbunta a ka. Ya Fanna ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Na ce ki ɗauka, ban ce ki kai wa Allah ya gani ba."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce in biyo ta ɗaki, ta rufe ƙofa.

"A gaban surukaina. A gaban abokan Alhaji. Me aka hana ki a gidan nan da za ki tara ragowar tukunya kamar mai kiwon kaji? Ba ke kika ce mini hatsi ya yi muku yawa ba?"

Maganar Inna tana kunnena. Ummi tana bayana, ina jin ƙasusuwan ƙirjinta a gadon bayana duk lokacin da ta ja numfashi. Na auna biyun, na ga ɗaya ta fi nauyi.

"Gwaggo, na ɓata muku ruwa, ku yafe ni, rashin sani ne. Amma tuwon ban yi kuskure ba. Rumbunmu ba zai kai kaka ba. Yarinyar nan ba haƙori take yi ba, awo ya nuna rawaya. Ban zo roƙo ba, kuma an hana ni faɗa. Abin da za a kai bola na ɗauka."

Na ɗauka kora ta za ta yi, sai ta jefo mini tambaya.

"Rumbun Baba? Na bayan ɗakin kudu?"

"Shi."

"Ina ya kai?"

Na nuna mata da hannu, daga ƙasa zuwa gwiwata. Ta zauna bakin gado. Ta ce ita ma ta hau wannan tsani tana yarinya, ta san abin da gwiwa take nufi a watan zafi. Sai ta share ido da bakin mayafi, faɗan ya koma wani wuri.

"Matar yayana da taurin kai. Ta gwammace jikarta ta rame da a ce Hadiza ta ji. Tashi ki kwashe kayanki daga kan fanon mutane, ki share daɓen gabas a saman ki mayar can."

Na gama mayarwa, ina saukowa da ɗan ƙanzo a roba, sai na yi kiciɓis da Alhaji a gindin matakala. Na durƙusa. Ya ɗauki ƙanzo ɗaya, ya ɓalla, ya tauna.

"Rabona da wannan tun ina bin motar goro. Ƴata, rufin duka naki ne, kyauta. Fanon dai ki bar mini, da su nake alwala."

Asabar da Lahadi

Da safe Gwaggo ta sauko madafa da kanta ta tambaye ni me ya sa ban taɓa na faranti ba. Na ce miya. Duk abin da miya ta hau ya mutu, ko bai ga hannu ba. Dafa-dukan da na gwada ma ya yi tsami, na zubar. Ta juya ga Ya Fanna ta ce yau walimar mata, a zuba rabin faranti, miya a kwanonta daban, ƴan mata su riƙa zagayawa da ƙari.

"Hajiya, za a ce gidan Alhaji an yi rowa. Kuma kwanonin wa zai wanke?"

"Ga Matameye nan, ita ta jawo."

Haka aka yi, a ɓangaren mata kawai, don Gwaggo ta ce ba za ta taɓa na maza ba sai ta ga yadda wannan ya kaya. Ba kowa ya ji daɗi ba. Na ji wata Hajiya tana cewa yau tuwo tsirara aka kawo musu. Amma ita ɗin sau biyu ta miƙa faranti aka ƙara mata, kuma ta cinye. Wadda ake zuba wa kaɗan ba ta jin kunyar gamawa. Baro ya fita, ba zan ce bai fita ba, amma mai tura shi har ya sami lokacin zama. Abin da ya rage a tukunya da zafinsa aka zuba a kuloli aka kai wa masu jinya a likita. Wanda ya saura bayan wannan ya hau sama.

Ban shanya ni kaɗai ba. Mata biyu daga lungun bayan gidan, da suka ji labarin abin dariyar jiya, suka zo da tabarminsu. Ɗaya ta ce mini a hankali mijinta ya daɗe ba aiki, kuma kullum baron nan ta ƙofarta yake wucewa. Ashe ba sai an je ƙauye ba. Muka raba daɓen uku. Ranar Damagaram ba ta wasa, kafin yammacin Lahadi tuwo yana ƙara kamar tsingaro.

Litinin: komawa

Na tashi da buhu guda na busasshen tuwo da shinkafa, da ƙullin ƙanzo. Gwaggo ta ƙara mini wake da gero, ta ce in Inna ta yi magana in ce na ƙawarta Ummi ne, ba na kowa ba. Ya Fanna ta cusa mini ƙullin yaji a hannu ta ce, "Bikin gaba in kin zo, ki fara tambayar abin da ke saman bene."

A shingen kusa da Kance jandarma ya bubbuga buhun ya ji yana ƙara.

"Madam, me ke ciki?"

"Tuwo."

Ya sa aka kwance. Ya leƙa, ya dube ni, ya ɗauki ɗaya ya jefa baki, ya ɗaga mana hannu mu wuce.

Da azahar na shiga gida. Inna tana zaune gindin itacen bedi. Na gaishe ta, na ajiye buhun, na faɗa mata komai tun daga matakala har ɗakin Gwaggo, don gara ta ji a bakina.

"Kin faɗa mata."

"Na faɗa, Inna."

Ta jawo buhun, ta zura hannu, ta shinshina, ta ɓalla fallen tuwo ta duba cikinsa ko ya bushe har tsakiya.

"Kin yanka shi da kauri. Na gaba ki ƙara sirantawa." Ta miƙo mini. "Jiƙa mana. Akwai ƙuli a tulu, ki tsinko zogale."

Da yamma muka ci kwaɗo mu uku a kwano ɗaya, ba wanda ya rage. Shinkafar nake dakawa in dama wa Ummi kunu da garin wake da ƙuli-ƙuli. Da na mayar da ita awo, ma'aikaciyar ta ce ta fara hawa, in ci gaba. Hatsin rumbu yanzu sai kwana biyu-biyu nake taɓa shi, kuma ina ganin za mu kai. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo da Alhaji da suka yafe mini ruwan alwalarsu.

Roƙona gare ku, masu biki da masu suna, na birni da na ƙauye, ba mai tsada ba ne. Ku zuba kaɗan, a ƙara wa mai so. Ku sa miya daban. In an ba ku, ku cinye, ba abin kunya ba ne. Abin da ya rage a tukunya, kafin ku kira mai baro, ku leƙa lungun bayan gidanku, sannan ku shimfiɗa tabarma a rana.